Kwana Uku a Tsakiyar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa a Birni,
na yanke cibi har ƙirga ya ɓace mini,
ban taɓa ganin ruwan da ido ya kasa ƙetarewa ba.
Ran da na kwashi adashe na ce da ƴaƴa:
ba firji, ba sabon rufin kwano.
Tsibiri za ni, kwana uku, in ga ruwa.

Suka dubi juna: Inna Cima ta fara ruɗewa.

Tikiti ya ci rabonsa, ya suɗe kwano,
ya bar mini jikka sittin a ƙullin zane.
Kyari, ɗan ƙanwata, ya zo bayan lisha
da salularsa mai tsagaggen gilashi,
muka hau dutsen bayan gida inda rezo ke kamawa.

Ya nuna mini otal: gado kamar filin idi,
tawul an murɗe shi ya zama agwagwa,
tafkin wanka an gina shi dab da teku.
Su wa ke haƙa rijiya a tsakiyar gulbi?
Jikka tamanin, dare ɗaya tak.
Na lanƙwasa yatsu, yatsu suka ƙare
ban gama mayar da kuɗin nan garuwa-garuwa ba.
Na ce, yaro, gangara ƙasan kasuwa.

Ga na jikka biyar: gado bisa gado,
mutum takwas, maza da mata, ƙofa ɗaya.
Ka taɓa ganin hawan tsani da wannan gwiwa?

Ga na sha biyu, sai da muka kai gindin shafi
kuɗin shara ya fito, kuɗin haraji ya biyo,
har kallon teku ta taga yana da farashinsa.
Ga wani fes, kusan kyauta,
amma wai a tura kuɗi tun yau.
Ni ko akuya ba na saye a cikin buhu,
balle wurin da zan kwanta ina baƙuwa.

Sai ran Alhamis, a kasuwar Dole,
Sha'aibu mai fata ya laluba aljihu,
ya ba ni lamba a yagaggiyar takardar siminti.
Ya ce can ya sauka shekarun baya,
gidan wata mai suyar kifi, Mwanahawa.

Muka kira. Ga fuskarta, ga hayaƙi a bayanta.
Sallama dai ba ta neman tafinta.
Sauran, ɗanta da Kyari suka yi ta ɗinki
da guntun Larabci, da hannu, da dariya.
Ta zaga da ni: katifa, gidan sauro, darduma,
taga na kallon bango da gindin ayaba.
Teku fa? Tafiyar minti goma.
Na ce ai da ƙafata na zo duniya.
Ta ɗaga yatsu tara, na ɗaga bakwai,
muka tsaya a takwas, da shayin safe, da inuwa.

Sannan ta sunkuyar da kai, wai in yi haƙuri,
famfo kan ɗauke, wanka sai da bokiti.
Na yi dariya har salula ta kusa faɗuwa.
Ƴar Damagaram ake ba haƙurin rashin ruwa?

Can wata yarinya ta gifta bayanta da tire,
cikin nan ya sauka, idona bai tsufa ba.
Sati uku, in ya daɗe. Ni ma sati uku ya rage mini.

Na ɗaure alkaki, na ɗaure takalman fata.
Kyari ya cire almakashina daga jaka,
wai ba ya shiga jirgi. To, hannuna fa?
Na sa gora guda, babu komai a ciki,
don Habsu maƙwabciya ta rantse
ba mai asarar gishirin da zai ishi wannan ruwa.